Ƙawata za ta yi tiyatar fatar ido, me zan ce mata?

Ummi: Assalamu alaikum. Ina karatu a Seoul, Koriya ta Kudu. Ƙawata 'yar ƙasar, wadda ta musulunta, tana son a fitar mata da ninki a fatar saman ido don idon ya ƙara buɗewa. Mahaifiyarta ce za ta biya, wai tukwicin gama makaranta. Wallahi idonta lafiya lau, abin ya tsaya min a rai.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni nas ce. Aikin iri biyu ne: ko a ɗinke fatar da zare ba yanka, wanda kan iya warwarewa daga baya, ko a yanka a rage fata da kitse. Na biyun ba a komawa baya. Za ta yi kumburi na sati ɗaya ko biyu. In aka rage fata da yawa, ido ba ya rufuwa sosai lokacin barci, sai bushewa da raɗaɗi. Wani sa'in ninkin dama ya fi na hagu tsawo.

Abu Hafsa: Malamai sun bambanta magani da ƙarin ado. Wani sahabi mai suna Arfaja ya rasa hancinsa a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. In fatar ta sauko tana tare mata gani, wannan larura ce. Nata kuwa ba haka ba ne.

Ummi: Na gode. A unguwar Gangnam tallar asibitocin da ke irin wannan tiyatar har cikin tashar jirgin ƙasa, kullum tana gani. Anti, zan fara mata da maganar bushewar idon.