Takardun farashi uku na na'urar ɗumama ruwa mai jan zafi daga iska: wacce zan ɗauka a Jos?

Baban Safiya, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan kafin in saki kuɗina. Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san yadda ruwan tanki yake zama da asuba, har alwala kan yi mata wuya. Shekara da shekaru muna dafa mata ruwa a kan gas, ƙaramar hitar da ke banɗakinta kuwa tana cinye kuɗin mita cikin 'yan kwanaki. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar na'urar da ke jan zafi daga iskar waje ta zuba shi cikin ruwa, sai na nemi masu sakawa uku suka ba ni kwoteshin.

Ta farko ita ce mafi sauƙi: tanki mai lita 150, an rubuta kuɗin a dunƙule a layi ɗaya, babu sunan samfurin. Ta biyu tankinta lita 200 ne da injin da za a ajiye a waje, an rubuta COP 4.2, wai lambar da ke nuna yawan zafin da take bayarwa a kan wutar da ta ci, kuɗinta ya ɗara na farko da kusan rabi. Ta uku lita 300 ce, an haɗa da esi mai sanyaya ɗaki kuma ya ɗumama shi don ɗakin Hajiya, kuɗin ya kusan ninka na farko. Mu bakwai ne a gidan, ruwanmu na burtsatse ne, muna kuma da ƙaramar inbata da sola. Ta yaya zan gwada waɗannan takardu da juna bisa adalci?

Injiniya Bukuru

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da mahaifiya. Malam, a yadda takardun nan suke yanzu ba za su gwadu da juna ba, domin kowannensu wani abu dabam yake sayar maka. Kafin ka koma wurinsu, ya kamata ka san aikin da kake son na'urar ta yi, da lissafi.

Ɗaga zafin lita 200 na ruwa daga digiri 18 zuwa 55 yana buƙatar zafin da ya kai kimanin yunit 8.6 na wuta. Hita ta gargajiya za ta ci wannan adadi gaba ɗaya daga mitarka, saboda ita wutar take mayarwa zafi kai tsaye. Wannan na'ura kuwa aikinta irin na firiji ne da aka juya: kwamfuresa na zagaya gas cikin bututu, gas ɗin ya kwaso zafin da ke cikin iskar waje ya sauke shi a cikin ruwan tanki, wutar da take ci ta juya kwamfuresa da fanka ce kawai. Lambar COP ita ce yawan zafin da kake samu a kan kowane yunit ɗaya da ka biya. Idan ta kai 3, aikin yunit 8.6 zai ci maka ƙasa da yunit 3. Ga wanda yake rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, inda yunit ya haura naira 200 tun da hukumar kula da harkar lantarki ta NERC ta ƙara kuɗin a Afrilun 2024, ragin ya wuce naira dubu a duk ranar da aka ɗumama tanki guda.

Sai dai wannan 4.2 da ke takarda ta biyu ita ce abin da na fi so ka bincika. Ana gwada waɗannan na'urori ne a wani yanayi da aka ƙayyade, sau da yawa iska tana digiri 20, kuma lambar tana sauka idan iska ta ƙara sanyi ko aka nemi ruwa ya ƙara zafi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, daren hunturu kan sauko wajen digiri 10, wato a daidai lokacin da ka fi buƙatar ruwan zafi na'urar take raguwa da ƙarfi. Ka ce kowannensu ya ba ka takardar bayanin masana'anta mai nuna COP a iskar digiri 7 ko 10 da ruwan digiri 55. Wanda ya kasa kawo ta, ko dai bai san kayan da yake sayarwa ba, ko kuma ba ya son ka sani. Akwai dabara mai sauƙi da ke rage wannan matsala, ita ce a saita agogon na'urar ta yi aiki tsakanin azahar da la'asar, lokacin da iska ta yi ɗumi kuma solarka tana bayar da wuta, sannan tanki ya riƙe zafin zuwa asuba. Wannan ya sa kaurin abin da aka naɗe tankin da shi ya zama tambaya mai muhimmanci, ka tambayi digiri nawa ruwan yake raguwa cikin awa goma sha biyu.

Ka tambaya kuma ko akwai hita ta ko-ta-kwana a cikin tankin, da yawan wutar da take ci, domin da yawa suna da ita, kuma idan ta kama kanta tana iya fin ƙarfin ƙaramar inbata. Amfaninta shi ne kai ruwan digiri 60 lokaci-lokaci don kashe ƙwayar cutar Legionella da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. A ganina lita 150 ta yi wa mutum bakwai kaɗan idan kowa zai yi wanka da safe.

Maman Khalil, Rayfield

Baban Safiya, ni ba injiniya ba ce, amma shekara biyu ke nan muna amfani da irinta, kuma na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Mun ɗauki mafi arha wadda aka rubuta mana kuɗinta a layi ɗaya kamar taka ta farko. Ranar da aka zo sakawa ne muka ji cewa bututun jan ƙarfe mita uku kawai ke cikin kuɗin, cewa bireka da waya mai kauri da sitabilaiza namu ne, kuma tankinmu na sama bai da tsayin da zai ba ruwa ƙarfi, sai an ƙara ƙaramin famfo. Da aka gama tarawa, abin da muka kashe ya kusan kai na wanda muka ƙi saboda tsada. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin da allon lantarkinta ya ƙone bayan wata takwas, aka ce garantin bai shafi lalacewar da hawa da saukar wuta ta jawo ba, muka yi mako shida muna jiran kayan gyara daga Legas.

Duk da haka ban yi da-na-sanin sayenta ba, don kuɗin wutarmu ya ragu sosai. Ka dai sa a ranka cewa ƙurar hunturu tana toshe raga ta bayan injin, mu duk mako biyu muke wanke ta a lokacin, kuma tana da ƙara kamar ta esi, kada a kafa ta a bayan tagar Hajiya.

Malam Kubwa, Abuja

Na yarda da Injiniya a kan lissafi, amma ina da ja a kan abu ɗaya. Tunda ya kawo maganar yin aiki da rana, me zai hana ka nemi farashi na huɗu, na hitar sola mai bututun gilashi da ake ɗorawa a kan rufi? Ba ta da kwamfuresa, ba ta cin wuta, abin da zai lalace a jikinta kaɗan ne. Rauninta shi ne damina, musamman Yuli da Agusta da hadari ke rufe Jos kwanaki a jere, da kuma ranakun da hazo ya yi kauri, sai a jingina da hita ta wuta. Ba na cewa ta fi, ina cewa ne ka gan ta a kan tebur kafin ka yanke hukunci.

Game da takardun, ka rubuta buƙatarka da kanka a shafi ɗaya ka ba su duka su cike: sunan kamfani da lambar samfuri, girman tanki da irin ƙarfen cikinsa, nau'in gas, ko R134a ne ko R410A ko R290, da ko masu gyara a Jos suna da shi, kuɗin kaya dabam, kuɗin aiki dabam, da ko an sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Garantin kwamfuresa da na tanki da na aikin hannu a rubuta kowanne da shekarunsa da sunan wanda zai zo idan an kira. Esin ɗakin Hajiya kuma a cire shi daga takarda ta uku a yi masa nasa farashi, domin yawancin esin da ke kasuwanninmu sanyi kawai suke yi, sai ka ga an kunna shi ya fitar da iska mai ɗumi a gabanka kafin ka yarda. Kada ka biya kuɗin duka a gaba, ka riƙe wani kaso sai ruwan zafi ya fito a famfon banɗaki da asuba.

Baban Safiya, Anguwan Rogo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta shafin kamar yadda Malam ya ce, na tsayar da lita 200 ga kowa, na tura musu jiya da daddare. Mai takarda ta biyu ya turo bayanin masana'anta da safen nan, kuma a iskar digiri 7 lambar ta sauko ƙasa da 3, hitar cikin tankin kuma kilowat 1.5 ce. Injiniya, inbatata mai 2.5 kVA ce, firiji da fitilu suna kanta. Shin a haɗa na'urar da ita a cire hitar daga layin, ko kuwa in bar ta gaba ɗaya a kan wutar mita?