Horon Abuja kan dokokin wutar sola: in tafi da kuɗina ko in haƙura?

Ɓoyayyen memba:
Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan ofishinmu a zauren nan. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato, shekarata 11 a aiki, mataki na 9. Kimiyyar sinadarai na karanta, amma tun da aka ɗauke ni fayil nake turawa daga wannan tebur zuwa wancan. Watan jiya takarda ta zo ana neman mutum biyu su je horon mako biyu a Abuja, na masu sa ido kan harkar wuta, ɓangaren sola da iska da dokokin muhalli. Da farko ba sunana aka sa ba. Wanda aka sa ya tafi Umara, na bayansa matarsa ta haihu, na ukun kuma ba ya ga maciji da darakta tun wata rigima kan motar ofis, wadda ni ban shiga ba, ina hutu ma lokacin. Ranar Talata bayan azahar ina ɗaura igiyar takalmi a bakin masallacin ofis darakta ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai za ka je." Ko zama ba mu yi ba.

To an ce kuɗin kwana da na mota ba su fito ba, in yi da aljihuna a biya ni in na dawo. Abin da ke hannuna kwasar adashi ce da na ware wa kuɗin makarantar yara. Sannan na duba jadawalin, akwai lissafin farashin wuta, lasisin ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka, binciken illa ga muhalli, da zubar da mataccen batir. Lissafin nan tsoro yake ba ni. Akwai kuma maganar shago, amma ba ita ce matsalar ba. Ana son amsata ranar Litinin. Kwana biyu ba na barci.

Injiniya tsohon NEPA:
Wa alaikumus salam. Yaro, tafi. Ko akuya za ka sayar, tafi. Ba ka san abin da ya faɗo hannunka ba. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, a watan Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki. Ma'anarsu, jiha na iya kafa tata hukumar sa ido ta karɓi ragamar kasuwar wutar cikinta daga hannun NERC, hukumar tarayya mai sa ido kan wutar lantarki. Enugu da Ekiti da Ondo sun fara karɓa tun 2024. Duk jihar da ta tashi yin haka, wa za ta zaunar a kujerun? Wanda ke riƙe da takardar irin wannan horon. Ni na ga NEPA ta koma PHCN a 2005, na ga an sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. Kowane sauyi, waɗanda suka je kwas kafin guguwar su suka hau, mu da muka tsaya muna hawa fal-waya muka yi ritaya da ciwon baya.

Baban Sadiku, Mabera:
Injiniya, da girmanka, akuyar wa za a sayar? Wanga zance na "yi da aljihunka" mun san shi. Ni ma haka anka yi man, Kaduna munka tafi kwana biyar. Baucar tana nan, na san har kalar fayil ɗin da take ciki, shekara ukku ke nan. Kullum akanta shi ce sai an saki kuɗi. Ɗan uwa, in ba ka ga alat ba kada ka taka tasha. Kuɗin makarantar ɗiya ba abin caca ba ne.

Ɓoyayyen memba:
Baban Sadiku na gode, amma darakta namu ba haka yake ba. Mutum ne mai magana ɗaya. Sai dai ba shi ke sa hannu a kuɗi ba.

Baban Sadiku, Mabera:
To ka ba kanka amsa ke nan.

Maman Ilham:
Ni dai in za ku je koyon sa ido, don Allah ku fara da unguwarmu. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit aka ce awa 20 za su riƙa samu. Mu ba ma cikinsu, ba mu da mita, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara ba. Cikin azumi firjina ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka, ƙanƙara sai an saya. Sa idon me ake yi?

Injiniya tsohon NEPA:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ne dalilin da zai je. Lissafin da yake tsoro ba wani dodo ba ne. Kuɗin da aka kashe wajen kafa tasha, kuɗin tafiyar da ita, ribar da aka yarje wa mai jari, a raba da yawan wutar da za a sayar. Shi ke nan. Aikin mai sa ido ya hana mai kamfani cusa ƙarya a cikin lissafin. Misali, wani zai kawo maka takarda ya ce fanel ɗinsa zai ba da kaza. A digiri 25 ake gwada fanel a masana'anta. Sakkwato a watan Afrilu iska kanta ta haura 40, gilashin ya fi haka zafi, ƙarfinsa raguwa yake. Ga ƙurar hunturu. Ka shafa yatsa a kan fanel a watan Janairu ka ga layin da zai bari. Wanda bai san wannan ba a kujerar sa ido, 'yan kwangila za su sayar da shi da rai. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu: ƙaramar tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta wuce haka sai da izini. Ka ga na ba ka darasin rana guda kyauta.

Abu Hanif, Arkilla:
Kowa ya tsallake wuri guda. Wane shago?

Ɓoyayyen memba:
Ba wani abu ba ne. Ni da ƙanena muna da ɗan shagon kayan sola, fanel da inbata da batir. Shi ke zama, ni jari kawai na sa. Sunansa ne a takarda.

Abu Hanif, Arkilla:
Malam, wannan ai ita ce maganar, ka ɓoye ta a layin ƙarshe. Gobe in an zaunar da kai kana duba takardun masu kafa sola, kamfanin da ya sayi kaya a shagonku ya kawo fayil, ya za ka yi? Ba a zama alƙali a kuma zama mai ƙara. Ko ka janye jarinka, ko ka faɗa wa darakta a rubuce kafin ka tafi.

Ɓoyayyen memba:
Haba Abu Hanif, horo kawai zan je, ba a naɗa ni komai ba. Kuma albashi kaɗai ba ya kai mu 20 ga wata. Rabin ofishinmu kowa da abin da yake taɓawa. Ni kaɗai za a ce in saki?

Anti Nas:
Ƙanena, tambaya ɗaya. Matattun baturan da kwastomomi ke dawo muku da su, ina kuke kai su? Ina tambaya ne don abin da na gani da idona a bayan layinmu. Wani yaro ɗan gwangwan, bai fi shekara 14 ba, ya kafa batir tsakanin ƙafafunsa yana sara da adda. Ya tuntsurar da ruwan cikin kwata, ƙasar wurin tana kumfa, ya zaro farantan dalmar da hannu ba safar hannu. Da mai awara ta zo, da hannun nan ya ci. Dalma ba ta fita jikin yaro da sauƙi, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce. Kowane gida yanzu sola yake sawa, batirin ruwa kuma shekara kaɗan yake yi ya mutu. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, na nan tun 2007, amma ba za ta bi kowane lungu ba. In za ka je, wannan darasin za ka buɗe wa kunne, ba na farashi ba.

Ɓoyayyen memba:
Anti, mu sayar musu kawai muke yi a kilo. Abin da suke yi da shi bayan nan ba a gabanmu ake yi ba. In mun ƙi, shagon kusa zai sayar.

Injiniya tsohon NEPA:
Kun fara kai yaron nan inda bai nufa ba. Maganar batir gaskiya ce amma ba ta hana tafiya. Maganar shago kuma, wa ya tambaye shi? Ya je ya dawo da takarda tukuna. Mu a nan muna da cibiyar binciken makamashi a jami'ar Ɗanfodiyo tun shekarun 1980, har injin iska aka kafa a Sayya Gidan Gada, amma in ana zaman tsara doka a Abuja ka ƙirga 'yan Sakkwato nawa ne a ɗakin. Kullum sai mu ce an bar mu a baya, an ba mu kujera kuma muna lissafin kuɗin mota.

Abu Hanif, Arkilla:
Baba Injiniya, "wa ya tambaye shi" ɗin nan ita ta kai wutar ƙasar nan inda take.

Injiniya tsohon NEPA:
Lokacin da nake gyara taransifoma cikin ruwan sama ba a haife ka ba.

Baban Sadiku, Mabera:
Ku bar faɗa. Ni dai a tambayo mai post, takardar gayyata ta ce masu horon za su ba da masauki ko a'a? In da masauki da abinci, lissafi ya sake.

Ɓoyayyen memba:
Ban ga takardar da idona ba, tana ofishin darakta. Jadawalin kawai aka turo mini ta WhatsApp. Zan tambaya gobe in ya shigo. Amma maganar janye jari gaskiya ba zan iya ba yanzu, ƙanena aure zai yi bayan salla.

Ɗan Illela:
Mai post, tunda kuna da shago, nawa batir na lithium yake yanzu? Nawa na ruwa ya daina riƙe caji, ƙarfe 11 na dare fanka ke tsayawa. Ka yi man magana ta inbox.