A Jidda aka haife ni, a Zariya na fara tafiya ba waiwaye

Ɗan Takari:
Assalamu alaikum. Iyayena Zazzagawa ne da suka je aikin Hajji suka zauna, ni kuma a unguwar Karantina aka haife ni. Can haihuwa ba ta mai da kai ɗan ƙasa, igama kuwa, wato takardar izinin zama, ba mu da ita. Shekara 26 ban taɓa taka makarantar gwamnati ba, layin waya ma da sunan wani na saya. In ka hango motar askarawa, sai ka faɗa lungu. Kamen da aka fara a Nuwamba 2013 ya rutsa da ni, aka sauke mu a Kano daga mu sai kayan jikinmu.

Ranar da Baffa ya fara aike na kasuwar Sabon Gari daga Tudun Wada a Zariya, a unguwar PZ na yi kiciɓis da 'yan sanda, gwiwoyina suka yi sanyi. Ko kallona ba su yi ba. Wallahi bakin wani shago na samu na zauna, hawaye na zuba.

Yanzu ɗinki zai kai ni Fatakwal. Akwai takardar izinin da ake nema kafin mutum ya koma wata jiha da zama?

Ɗalibar Kongo:
Wa alaikumus salam. Babu, Yaya. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar yawo da zama duk inda ya so a ƙasar. Sashe na 25 kuma ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne, matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. Riƙe katin NIN ɗinka kawai saboda shingayen hanya.

Malam na Gyallesu:
A takarda haka ne. Amma bari ɗanka ya nemi aikin gwamnati a can, za ka ji an ce ina takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kuma wanda bai iya bin hanyar Birnin Gwari da daddare, ina 'yancin yawonsa?

Ɗan Takari:
Gaskiyarka, Malam, ban musa ba. Sai dai kai ka faɗi wannan a fili, kuma a gidanka za ka kwana. Ni ranar 25 ga Fabrairu 2023 tun asuba na kama layin zaɓe, wanda na dangwala wa bai ma ci ba, amma har tawadar ta goge da kanta ban sa mata sabulu ba. Ƙanwata, na gode, bayan Sallah zan tashi in Allah ya yarda.