Neman kalma: margin, tab da style a darasin Word

Malamar kwamfuta: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan mata kwamfuta a wata cibiya a Kano. Ran Asabar za mu shiga tsara takarda a manhajar rubutu ta Word, kuma dole takardar darasin ta tafi wurin bugawa ran Alhamis da yamma. Kalmomi uku sun tsaya min: margin, tab, style. Makon jiya wata ɗaliba ta jera sunaye da maki, tana ta danna dogon maɓallin tazara tsakanin kowane suna da makinsa. A fuskar kwamfuta kamar sun daidaita, da aka buga sai lambobin suka fito wannan ya yi gaba, wancan ya yi baya. Yarinyar har ta yi ƙwalla. Ina son in ba su sunayen da za su riƙe.

Mai shagon bugu: Wa alaikumus salam, Malama. Margin ai gefe ne. Tazarar gefe. Word na barin inci 1, wato santimita 2.54, a kowane ɓangare. Ki ƙara musu wannan: in za a ɗinke takardar, a faɗaɗa gefen hagu. Kullum ana kawo min furojet, in na ɗinke sai farkon layuka su shige cikin ɗinkin.

Daga Damagaram: Gefe ya yi. Mu nan marge ta Faransanci muke ji a makaranta, amma in ka ce gefe kowa ya gane.

Malamin Hausa: Ban yarda da gefe ba. Gefen hanya, gefen kogi, gefen gado. Muna da hashiya. Tun kafin boko malamanmu ke barin fili a bakin takarda suna rubuta sharhi a ciki. Ku duba Alƙur'ani rubutun hannu, a nan ake zana alamar hizifi da ta sujada. Muna da gadonmu, me ya kai mu ga ƙirƙira?

Mai shagon bugu: Allah gafarta Malam, hashiya ai rubutun ne da ke gefen, filin kuwa gefe ne. In Malama ta ce a ƙara hashiya, yarinyar da ta yi Islamiyya sharhi za ta fara nema.

Malamin Hausa: Kalma tana faɗaɗa. Shafi ma ai na takarda ne, yau ga shafin intanet.

Wani ɗalibi: Hashiyar ma Larabci ce, Malam. Mu tun firamare majin muke cewa, jan layin nan na littafin rubutu. Don me aron Larabci ya zama gado, na Turanci ya zama abin kunya?

Malamin Hausa: Yaro, wadda ta shekara ɗaruruwa a bakin malamai da wadda ta shigo jiya ba ɗaya ba ne. Wannan raina namu da muke yi shi ya sa har yau ake mana kallon harshen kasuwa.

Daga Damagaram: Majin kuma mu ba mu san ta ba, Malam. Duk kalmar da ta tsaya a Jibiya ba ta iso mana ba, ba ta gama zama ta Hausawa ba.

Malamar kwamfuta: Don Allah a dawo kan tab, lokaci na tafiya.

Tsohuwar mai buga tafireta: 'Yata, abu biyu ne a nan. Akwai maɓallin, akwai wurin da rubutu ke tsayawa in an danna shi. A tafireta da hannu muke kafa wuraren nan don jera lissafi. A Word, in ba ki kafa naki ba, yana tsayawa duk bayan rabin inci, santimita 1.27. Ni zango zan kira wurin. Ki danna sau ɗaya, rubutu ya yi tafiya ya sauka a zango, kowane layi a wuri guda. Ɗalibar nan taki zango ɗaya kawai take bukata a kan ma'aunin da ke saman shafi. Maɓallin kuwa ki bar shi Tab, tunda haka aka rubuta a jikinsa.

Malamin Hausa: Zango kam ta yi, Hajiya. Wannan ban da ja.

Wani ɗalibi: Style kuma salo.

Mai shagon bugu: Salo na nuna yadda mutum ke sarrafa harshe. Na Word wani abu ne daban: ka ajiye girman harafi da kauri da tazara a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar Heading 1, in ka sauya shi duk kanun da ke ɗauke da shi su sauya tare. Da su Word ke haɗa jerin abubuwan da ke ciki. Zubi ya fi kusa.

Daga Damagaram: Zubi a wurinmu adashi za a fara tunawa.

Malamar kwamfuta: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan kai bugawa: tazarar gefe, zango, maɓallin Tab. Style zan sa salon tsari a wannan karon, in ga yadda yaran za su karɓe ta ran Asabar. Malam, zan ambaci hashiya a aji in na zo bayanin gefe.

Malamin Hausa: To, Malama. A aji kawai. Ni dai a tawa takardar hashiya zan rubuta.