Mutum 60 na tambaya, 3 suka ce e: samfurina ya isa ko bai isa ba?

Ɗalibi daga Madina:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu ƙididdiga, a taimaka. Ina bincike kan mahajjatanmu da zafi ya kai su asibiti, tun bayan Hajjin 2024 da mutum fiye da 1,300 suka rasu. Na tambayi mutum 60, guda 3 suka ce an kwantar da su, wato kashi 5 cikin 100. Da na lissafa iyakar sama da ta ƙasa da ake sa ran ainihin kason zai faɗa tsakaninsu, cikin 100, sai na samu daga −0.5 zuwa 10.5. Mai duba aikina ya ce kada na dogara da siffar ƙararrawa a nan, wato zaton cewa sakamakon samfura yana taruwa a tsakiya ya bazu daidai hagu da dama, wanda a kansa na gina lissafin. To ba an ce samfuri in ya haura 30 ya wadatar ba?

Malami daga Jidda:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mai duba aikinka ya yi gaskiya. Zancen 30 ɗin nan na matsakaici ne, kamar tsayi ko nauyi, kuma ko can ba kullum yake ci ba. Ga kaso kuwa, abin dubawa shi ne masu e da masu a'a, kowane ɓangare ya kai aƙalla 10. In n yawan waɗanda aka tambaya ne, p kuma kason masu e, ke nan n sau p, da n sau (1−p). Wasu littattafan suna sassautawa zuwa 5. Kai naka 3 ne da 57, ko na sassaucin bai kai ba. In p yana kusa da sifili, siffar sakamakon takan jingina da bangon sifili ta hagu ta ja wutsiya ta dama, shi ya sa lissafinka ya faɗa ƙasa da sifili, alhali babu yadda za a yi mutum ƙasa da sifili su kwanta asibiti. In gaskiyar kason 5 cikin 100 ne, sai ka kai mutum 200 kafin ka samu 10. Da rabi da rabi ne, 20 ma sun isa.

Ni da ɗalibaina, in ba halin ƙara mutane, hanyar Wilson ta 1927 muke bi, wata dabara ce ta daban ta fitar da iyakokin nan biyu. Na gwada da lambobinka, ta ba da kimanin 1.7 zuwa 13.7. Duba yadda ta fi nisa ta sama.

Mai aiki a shagon dabino, Madina:
Ni ba ɗan jami'a ba ne, amma abin ya taɓa ni. Muna ɗure ajwa a kwalaye, mai gida ya ce na duba ko ƙwari sun shiga. Na fasa dabino 100, ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Ɗansa ya saka a kwamfuta, ta ce kuskure sifili ne, wai kaya lafiya lau ɗari bisa ɗari. Raina bai kwanta ba.

Malami daga Jidda:
Alhaji, ranka ya fi kwamfutar gani. In ba a samu ko ɗaya ba, a raba 3 da yawan abin da aka duba. Naka 3 cikin 100: ƙwari za su iya kasancewa a kaso har kusan haka ba ka ci karo da su ba. Amma daga ina ka ɗebo 100 ɗin?

Mai aiki a shagon dabino:
Daga kwalayen sama mana, na ƙasa sai an sauke kaya.

'Yar'uwa daga Makka:
Nan ne fa gizo ke saƙar, Alhaji. Nawa ya yi kama da haka. Na tambayi mata a masauki ɗaya kan ciwon ƙafa bayan ɗawafi da sa'ayi. Mata 400 ne a gidan, na samu 150, masu e sun fi 40. Sharaɗin 10 ya cika har da ƙari. Sai aka nuna mini abu biyu. Na ɗauki fiye da kashi 10 cikin 100 na mutanen gidan, don haka sai an rage gejin kuskuren, wato tazarar da ke tsakanin kason da iyakokinsa, a ninka shi da kusan 0.79. Wannan mai sauƙi ne. Ɗayan ne ba shi da magani a lissafi: waɗanda na tarar a ɗaki da rana su ne waɗanda ƙafa ta hana fita Harami. Kuma yawancinsu jirgi ɗaya ya kawo su, tare suka yi komai. Dole na nemi jerin ɗakuna na yi ƙuri'a, na riƙa komawa bayan isha'i don samun waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu.

Dattijo daga Riyad:
Madalla da Hajiya. Masanin lissafi De Moivre ne ya fara nuna kusancin ƙidayar e da a'a da siffar ƙararrawa a 1733, wani masanin, Laplace, ya faɗaɗa shi, kuma a kan abu irin jefa kwabo suka gina shi, inda jifa ɗaya ba ruwanta da ta gaba. Ɗalibinmu na Madina, kafin ka je neman 200, faɗa mana: su 60 ɗin nan a ina ka same su? In a ƙofar asibiti ne ko a zauren cin abinci, ka aiko da yadda ka zaɓe su mu duba tukuna.