Lambar QR ta USDT ba ta ɗauke da adadin kuɗi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wayoyi nake sayarwa, wasu kwastomomina da USDT (kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka) suke biya. Lambar QR da na manna a jikin kanta adireshin walat (asusuna na kirifto) kaɗai ke cikinta, sai mai saye ya tsaya yana rubuta adadin da hannu, mutane na jira a bayansa. Wani ma sai ya ɗauki lambar ya tarar kuɗinsa na BEP20 ne (wato USDT na netwok ɗin BNB Smart Chain), nawa adireshin kuwa na wani netwok ne daban, Tron, mai farawa da T, ciniki ya tsaya cak.

Na san a Bitcoin tsarin BIP21 yana saka adadi cikin lambar. Shin USDT na TRC20 (wato na Tron) yana da irinsa da manhajar walat ta Trust Wallet za ta karanta? Ko sai na nemi manhaja mai fitar da sabuwar lamba kowane ciniki? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min.