Shawarwarin da na tsinta kan shirya fim da kanka

Jiya mun daɗe muna hira da wasu da suka jima a harkar fim ba tare da kamfani a bayansu ba, ga abin da na riƙe.

Kusan kowa ya ce kar ka saki aikin da ke ciyar da kai tukuna, kuɗin fim ba kullum suke shigowa ba, yawancinsu da ɗaukar talla da aikin editin suke rufa wa kansu asiri. Sai maganar kyamara, wai ba ita ce abin damuwa ba, ai fim ɗin Tangerine da aka nuna a bikin fina-finai na Sundance a 2015 da iPhone 5s aka ɗauke shi. Sauti ne matsalar, mai kallo zai haƙura da hoto mai dishi-dishi amma in murya ba ta fita ya tafi kenan, don haka fara sayen makirfo mai kyau. Nan kam na yarda ɗari bisa ɗari.

Fara da gajeren fim, shafi ɗaya na labari kusan minti ɗaya ne a allo. Ko abokinka ne jarumin ku rubuta yarjejeniya, kar ka sa waƙar wani ba izini, kuma a ajiye abin da aka ɗauka a wuri biyu, wani ya ce nasa gaba ɗaya ya salwanta.